Na'urar hana zamewar taya a tseren motoci na filin ƙasa: ina maguɗin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan kallon tseren motocin Amurka da ake yi a filin ƙasa, ba a kan kwalta ba, kuma sau da yawa nakan ji ana zargin wanda ya ci da cewa ya ɓoye wata na'urar lantarki da ke hana tayoyinsa zamewa. Motar da nake hawa tana da irin wannan na'ura tun daga kamfani, kuma ba wanda ya taɓa kira na mai maguɗi. Me ya sa a can ta zama laifi? Idan kowa zai iya saye, ina rashin adalcin yake? Sannan ana iya gane mai amfani da ita ta hanyar sauraron ƙarar inji?

Wa alaikumus salam, Malam. Na'urar a karan kanta ba ta da aibu, amma a wannan tseren ta shiga gonar da ba tata ba, domin abin da ake taruwa a gwada a filin ƙasa shi ne ƙafar direba ta dama, ita kuwa na'urar aikin wannan ƙafar take karɓewa. Ina goyon bayan haramcin, sai dai da sharaɗi mai nauyi wanda ƙananan filaye da yawa ba sa cikawa. Sana'ata lantarkin mota ce, don haka ta nan zan shigo maganar, domin sai an san abin da waya take yi kafin a yanke mata hukunci.

Mu fara da motar. Wadda aka fi kallo ita ce mai ƙaton fiffike a ka, wadda suke kira sifirint, irin ta gasar World of Outlaws da Ted Johnson ya kafa a 1978. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa lita 6.7, yana shan man mitanol, yana ba da ƙarfin doki kusan 900, alhali nauyin motar da direbanta gaba ɗaya bai wuce kilo 650 ba. Corolla ta ninka ta nauyi, amma ba ta da kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfinta. Ba ta da akwatin giya irin wanda ka sani, ba ta da kuloci, ba ta ma da sitata, shi ya sa za ka ga wata mota ta zo ta baya tana tura ta kafin ta tashi. Inji a haɗe yake kai tsaye da aksul na baya, aksul ɗin kuma sanda guda ce, tayoyin baya biyu tare suke juyawa ko sun so ko sun ƙi. Ka riƙe wannan bayanin, domin shi ne ya sa ɓoye na'urar ya zo da sauƙi. Akwai kuma manyan motoci masu rufaffen jiki da suke kira let-model, waɗanda suka haura tan guda kaɗan, da ƙarfin doki sama da 800, irin waɗanda ke yin tseren World 100 a filin Eldora na jihar Ohayo tun 1971.

Filin kuma yumɓu ne da aka daddaɓe aka yi masa ban ruwa. Da farkon dare, lokacin gwajin sauri, ƙasar tana da danshi da danƙo, taya tana kama ta kamar an liƙa, kusan kowa yana iya danne totur har ƙasa ya zagaya. Amma motoci suna ta bi, iska tana busarwa, kafin a zo babban tsere na ƙarshe ƙasar ta bushe ta yi baƙi ta yi ƙyalli, santsinta ya koma kamar na daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu. Ƙasar da tayoyi suka kwashe takan taru a gefen waje na kwana ta zama ɗan tudu, wanda suke kira matashi, wasu direbobi su jingina tayar dama ta baya a jikinsa, wasu su bi ta can ciki kusa da shinge inda ɗan danshi ya rage. A wannan lokaci ƙarfin doki 900 ya zama kaya, domin ƙasar ba za ta iya ɗaukar ko rabinsa ba a fitowar kwana.

Ka lura da mota guda a wannan wurin idan kana kallo. Ta shigo kwana a karkace, gindinta ya fita waje, sitiyari yana kallon dama alhali motar hagu take juyawa, wani lokaci ma tayar hagu ta gaba a sama take. Direban ya sassauta ƙafa, yana jiran motar ta zauna a kan tayar dama ta baya, sannan ya fara mayar da totur a hankali, kamar mai zuba manja a kwalba mai ƙaramin baki. Idan ya zuba kaɗan, na bayansa ya wuce shi. Idan ya zarce da kaurin yatsa guda, sai ƙarar inji ta yi sama farat ɗaya, tayoyi su hau juyin banza suna watsa ƙura, motar kuwa ba ta ƙara sauri ba. Abin da ya ƙara wa aikin wahala shi ne ba a son tayar ta daina zamewa gaba ɗaya, domin a kan ƙasa ɗan zamewar nan shi ke juya motar, shi ke tura ta. Akwai wani ɗan tsakani siriri tsakanin zamewa mai amfani da zamewar asara, wurinsa kuma yana sauyawa daga zagaye zuwa zagaye, kuma da ƙugu da kunne da tafin ƙafa direba yake laluben sa. Mutum yakan shekara goma yana koyon wannan.

Na'urar da ke cikin motarka wata aba ce daban, kodayake sunansu ɗaya. Irinta ta fara bayyana a motocin Buick a 1971, kamfanin Bosch ya yaɗa ta a motocin Jamus a ƙarshen shekarun 1980, yau kuma kusan kowace sabuwar mota tana da ita. Tana da sensa a kowace taya, tana kwatanta saurinsu, idan ɗaya ta fi sauran gudu sai ƙwaƙwalwar motar ta ɗan matsa mata birki ta kuma rage ƙarfin inji. Manufarta ka isa gida lafiya. Duk wanda ya taɓa shiga yashi ko taɓo da damina ya san takan zama cikas, har sai ka danna maɓallin ka kashe ta kafin motar ta fita, domin ita ba ta san zamewa mai amfani ba. Wannan tsari ba ya aiki a motar tsere ta filin ƙasa. Tayar gaba da za a yi awo da ita tana iya kasancewa a sama, tayar dama ta baya an yi ta da gangan ta fi ta hagu girma domin motar ta riƙa juyawa hagu da kanta, sannan ba yadda za a matsa wa ɗaya birki a bar ɗaya tun da sanda ɗaya suke kai.

Masu ƙera ta tsere sai suka bi ta wata hanya, kuma dole in yaba wa basirarsu. Tun da inji a haɗe yake da tayoyi kai tsaye, saurin juyawar inji shi ke nuna saurin juyawar taya, don haka ba a buƙatar sensa ko ɗaya a ƙafafun motar. Waya guda da ke ɗauke da siginar wutar fulogi ta wadatar. Na'urar ba ta damu da yawan juyin inji ba, abin da take lura da shi shi ne yadda juyin yake hawa. Mota mai nauyi kaza a kan ƙasa tana da iyakar saurin da za ta iya ƙarawa a cikin daƙiƙa, saboda haka idan juyin inji ya yi tsalle fiye da wannan iyaka, to ba motar ce ta ƙara gudu ba, tayar ce ta kuɓuce. Nan take sai na'urar ta jinkirta taimin, wato lokacin da wutar fulogi take tashi. Duk wanda ya taɓa aiki a kan tsohuwar Peugeot 504 ya san abin da nake nufi: ka sassauta ƙusar distiributa ka ɗan murɗa ta baya, sai ka ji injin ya yi sanyi, ya yi nauyi, ba ya amsa totur da zafi, domin wutar tana zuwa a makare, bayan fistin ya riga ya wuce inda bugun zai fi ƙarfi. Abin da makanike yake yi da hannu a gareji shi na'urar take yi tana warwarewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A ce taimin injin yana kan digiri 30, sai ta zare masa digiri goma na ƙiftawar ido, taya ta kama ƙasa, ta mayar masa da abinsa. Wasu nau'o'in kuma sukan hana wata silinda wuta ne na ɗan lokaci.

Ga lissafin da ke nuna tazarar da ke tsakaninta da ɗan Adam. Inji mai silinda takwas yana kunna fulogi sau huɗu a kowane juyi. Idan yana juyi 8,000 a minti, wuta ta tashi sau 32,000 ke nan, wato sama da sau 530 a daƙiƙa. Mutum lafiyayye yana buƙatar kamar kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa kafin ya ji abu ya mayar da martani, a cikin wannan ɗan lokaci injin ya buga fiye da sau ɗari. Na'urar kuwa tana iya sa hannu bayan bugu kaɗan. Gwanin direba yana cike wannan giɓi ne da hasashe, wato yana sassauta ƙafa tun kafin tayar ta kuɓuce, saboda ya karanta launin ƙasar ya kuma tuna abin da motar ta yi masa a zagayen baya. Wannan hasashen shi ne gwanintar. Mai na'ura ba ya buƙatarsa sosai, ya danna kawai, wayar ta gyara masa. Na'urorin baya-bayan nan ma ba a sa musu iyaka da hannu, su suke koyon filin da kansu, suna kwatanta kowane hawan juyi da matsakaicin waɗanda suka gabata, ƙasa tana bushewa suna sauya awonsu.

Kada ka ɗauka ribar tana da yawa a ido. Na'urar ba ta ƙara wa inji ƙarfi, ragewa take yi, ba ta juya sitiyari, ba ta zaɓar layi, kuma a kan ƙasa mai danƙo kusan ba ta da amfani. Mota marar saiti ba za ta gyaru da ita ba. Amma a fili mai tsawon rabin mil, kamar Knoxville na jihar Ayowa, wato mita 800 da ake zagayawa a cikin daƙiƙa 16 ko kusa da haka, motar tana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa a zagaye mita biyar ne, a zagaye 30 ya zama mita 150, kuma a tseren da na ɗaya da na biyar sukan iso a jere, wannan tazara ce mai raba mai kofi da mai komawa gida da kuɗin mai. Akwai riba ta biyu da ba a cika ambata ba, ita ce ta taya. Duk juyin banza yana ɗumama robar, fuskarta ta narke ta shafe, tsagogin da aka yanka mata su dakushe, don haka wanda tayarsa ba ta yi ta kwarzar ƙasa ba yakan isa zagaye goma na ƙarshe da sauran kamu a lokacin da na wasu suka mutu.

Masu neman a halatta ta suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa kowa a filin nan sayen kamun ƙasa yake yi da kuɗi. Mai hali yana sayen shokozoba masu tsada da aka saita a kan injin gwaji, yana sauya firem duk shekara, yana sa sababbin tayoyi duk dare, yana da ma'aikacin da ba shi da aiki sai yanka tsagogi a roba. Idan ƙasa ta yi santsi, kowa yana jinkirta taimin da hannu kafin a fita, ko ya sauya giyar aksul, ko ya gyara sandar totur yadda farkon dannawa zai zo da laushi, kuma duk wannan halal ne. To me ya sa rage ƙarfi da sifana ya halatta, rage shi da waya ya haramta? Sun ƙara da cewa injin babbar gasa ya haura dala dubu 50, na'urar kuwa 'yan dubbai ce, saboda haka ita ce ma hanya mafi araha da talaka zai matso kusa da mai kuɗi.

Amsata ita ce a duba wa ya yanke shawara, kuma yaushe. Duk saitin da aka yi kafin a fita fage caca ce ta ilimi: shugaban makanikai ya dubi ƙasa da sararin sama, ya ƙiyasta yadda filin zai kasance bayan zagaye 20, ya zaɓi taimin da giya da iskar taya, sannan ya rungume hannu. Idan ya yi kuskure, direbansa zai sha wahala har a gama, ba mai ceto. Da zarar an ɗaga koriyar tutar fara tsere, duk wata shawara da ta rage ta direba ce. Shi ya sa ba wanda yake ƙorafi a kan ɗan hannun da ke cikin motar sifirint, wanda direba yake ja ya matsar da fiffike baya idan ƙasa ta yi santsi domin nauyin iska ya ƙaru a kan tayoyin baya, saboda shi ya ji, shi ya yanke, shi zai ɗauki sakamakon idan ya zarce motar ta ƙi juyawa. Na'urar ita kaɗai ce a cikin motar take ji, ta yanke, ta aikata, ba tare da mutum ba, a tsakiyar tsere, kuma a kan aikin da shi ne ƙashin bayan wasan. A sukuwa ba a hana ka ciyar da dokinka ko ka zaɓi sirdi mai kyau, amma linzami a hannun mahayi ake son ganin sa.

Akwai kuma haƙƙin ɗan kallo. A filin da ya bushe, wuce abokin hamayya daga kuskure yake fitowa: na gaba ya zarce da totur a fitowar kwana, na baya da ya fi shi haƙuri ya shiga ta ƙasansa. Idan kowace mota tana fita daga kwana daidai gwargwadon abin da ƙasa za ta ɗauka, wanda ya fara a gaba shi zai gama a gaba, sai a koma kallon jerin gwano.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, cewa kowa zai iya saye. Da a ce doka ta halatta, da wannan magana ta yi ƙarfi. Amma littattafan dokokin manyan ƙungiyoyin tseren ƙasa, daga World of Outlaws har IMCA, sun haramta ta ƙarara, saboda haka wanda ya sa ta ba gasa yake yi da sauran a kan sharaɗi ɗaya ba. Ya sa hannu a takarda cewa motarsa ta bi doka, ya karɓi kuɗin da aka tara a kan wannan yarjejeniya, alhali ya san akasin haka. Wannan tauye mudu ne: ba girman mudun ne laifin ba, laifin shi ne an yarda da awo guda kai kuma ka zo da naka a ɓoye. Wanda bai saya ba sau da yawa ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba, amana ce. Batun araha kuma yana juyewa idan aka sauko ƙananan rukunai, inda ake tilasta wa kowa inji iri ɗaya da kamfanin GM yake rufewa da hatimi, irin mai lamba 602 da bai kai dala dubu 10 ba. An ƙirƙiro waɗannan rukunai ne domin mai aikin albashi ya iya shiga, to a nan na'urar 'yan dubban daloli babban kaso ce na kuɗin motar gaba ɗaya.

Sai dai haramci ba ya tsayawa da kansa, kuma tarihin Formula 1 ya isa darasi. Hukumar FIA mai kula da gasar ta haramta na'urar daga kakar 1994. A wannan shekarar aka binciki kwamfutocin wasu motoci, aka samu wani ɓoyayyen tsari na taimaka wa tashi a cikin manhajar ƙungiyar Benetton, wanda ya shahara da sunan zaɓi na 13, amma hukumar ba ta samu hujjar cewa an yi amfani da shi a tsere ba. Aka shekara bakwai ana zarge-zarge, kowa yana kallon kowa, har hukumar ta amince cewa ba ta iya tabbatar da bin dokar, ta halatta na'urar daga tseren Sifen na 2001. Ba a sake haramta ta ba sai a 2008, kuma a wannan karon ba da takarda kaɗai ba: an tilasta wa kowace mota ƙwaƙwalwa iri ɗaya, wadda sashen lantarki na McLaren ya ƙera, hukuma ta san duk abin da ke cikinta. Tseren babura na MotoGP ya bi ta wata hanya, ya bar na'urar a halal amma ya sa kowa amfani da manhaja ɗaya daga 2016. Hanyoyin biyu sun sha bamban, amma sun haɗu a kan cewa sai hukuma ta riƙe akwatin a hannunta.

Ka kwatanta wannan da ƙaramin fili a ƙauyen Amurka ranar Asabar da daddare. An gama tsere wajen ƙarfe goma sha ɗaya, motoci uku ko biyar na farko sun hau sikeli, sun tsaya a layi injinsu yana huci. Mai binciken mutum ɗaya ne ko biyu, galibi makanike ne da ya yini a wurin aikinsa, da tocila a hannu. Zai auna nauyi, ya leƙa kabureta, ya duba lambar taya, ya haska ƙarƙashin dashbod ya bi wayoyi da yatsa. Abin da yake nema yana iya zama bai kai kwalin ashana ba, yana iya kasancewa a cikin akwatin wuta na kamfanin MSD da aka buɗe aka sake rufewa, ko a cikin agogon juyin inji, ko a naɗe cikin damin wayoyi da baƙin tef, ko ma wanda ake cirewa a sa a aljihun rigar tsere kafin a iso sikeli. Mai filin yana tsaye yana son a biya kowa a kashe fitilu, kuma ya san idan ya kori direban da ke jawo masa 'yan kallo, mako mai zuwa zai tafi filin maƙwabta. A irin wannan yanayi dokar ba ta hana kowa komai sai mai tsoron Allah, wato ta zama haraji a kan masu gaskiya. Wannan ya fi damu na fiye da na'urar kanta.

Maganin ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Akwatin wuta ya zama iri ɗaya ga kowa, filin ya mallaki nasa, a raba su da ƙuri'a da yamma a karɓe bayan tsere, ko aƙalla mai bincike ya sami ikon cire na kowa ya musanya da na hukuma a duk lokacin da ya ga dama, ikon da littattafan dokoki da yawa sun riga sun ba shi. A kafa akwatin inda hannun direba ba ya kai. Wayoyi su zama a fili, ba naɗi, ba reshe, kowace a iya bin ta daga tushe zuwa ƙarshe, kuma mahaɗarsu ta zama iri ɗaya. A riƙa ɗaukar akwatin wanda ya ci da na wani da ƙuri'a ta faɗa wa, a aika wa kamfanin da ya ƙera ya buɗe. Tunanin ba sabo ba ne a wannan wasa, domin tun da IMCA ta fito da rukunin motocinta na modifayid a 1979 ta sa dokar da ke ba abokin hamayya damar sayen injinka a kan ƙayyadadden farashi mai sauƙi bayan tsere, don kada wani ya zuba dukiya a inji. Hukunci kuma ya zama mai zafi, ya haɗa da direba da mai mota, kuma filayen yanki su girmama dakatarwar juna, in ba haka ba wanda aka kora a nan gobe yana can. Filin da ya ga ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gara ya fito fili ya ce a wannan rukuni an halatta, kowa ya san a kan me yake shiga. Ba na son wannan zaɓi, amma ya fi dokar da ba a tsaronta.

Dole kuma in ja hankalinka a kan zargin da kake ji, domin zato zunubi ne. A duk filin da mutum ɗaya ya yi ta ci, sai an ce yana da wani abu, kuma tun da na'urar ba ta ganuwa, ba shi da hanyar wanke kansa. Alhali gwanaye na gaske suna nan. Steve Kinser ya ɗauki kambun World of Outlaws sau 20, ya kuma fara tun 1978, zamanin da irin waɗannan ƙananan na'urori ba su zo ba. Kyle Larson ya ci tseren ƙasa sama da 40 a shekarar 2020 kaɗai, a motoci iri daban-daban, har da tseren Chili Bowl na birnin Tulsa, sannan ya ci tseren Knoxville Nationals a 2021, shekarar da ya zama zakaran gasar NASCAR a kan kwalta. Ƙafa irin wannan akwai ta, kuma ita ce rashin bincike yake fara zalunta, domin ya bar nasarar mai gaskiya a cikin shakka.

Game da sauraron ƙara, ba na ba ka shawarar dogara da shi. Nau'in da ke yanke wa silinda wuta yakan sa inji ya yi tatata kamar mai in'ina a fitowar kwana, amma a rukunan da ke da na'urar ƙayyade juyin inji, wadda halal ce, ana jin irin wannan ƙara a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, haka kuma fulogi mai datti ko mai da ya yi yawa suna kawo ta. Nau'in da ke jinkirta taimin kuwa kusan ba ya jiyuwa, balle ta lasifikar waya a tsakiyar motoci 24. Wasu suna cewa a dubi bututun hayaƙi, wai jinkirin wuta yana sa bututun ya yi ja, kuma gaskiya ne yana ƙara masa zafi, sai dai bututun waɗannan injina yana yin ja da daddare ko da na'ura ko babu. Abin da zai iya zama hujja shi ne a haɗa ma'aunin da ke rubuta matsayin totur da taimin a lokaci guda, a ga ko taimin yana motsi alhali bai kamata ba, ko kuma a buɗe akwatin a kan tebur a gaban shaidu.